Yadda ake kallon talabijin mai tsabtar hoto a laftof, da yadda ake naɗar shiri a ajiye

Mutum yana da dikoda a ɗaki, yana da laftof. Ya leƙa bayan dikoda ya ga ƙofar HDMI, ya juya gefen laftof ya ga irinta sak, sai ya ce ai magana ta ƙare. Ya nufi kasuwar Wunti ya sayo waya ya jona, ba abin da ya fito. Ya koma ya ce wa mai shago wayarsa jabu ce, aka canza masa wata, nan ma shiru. Alhali wayar ba ta da laifi. Ƙofar HDMI ta laftof kamar indararo take, ruwa fita yake yi ta cikinta, ba ya shiga. An yi ta ne don kwamfuta ta tura hoto zuwa talabijin ko majigi. In ana son hoto ya shigo cikin laftof, sai an nema masa hanya ta ƙofar USB, kuma kusan duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan ya tsaya.

Masu buƙatar abin suna da yawa a garin nan na Bauchi: ɗalibin da ke haya a Yelwa ba shi da wurin ajiye talabijin, ma'aikacin da shirin da yake bi ke wucewa yana ofis, mai son tara tafsirin azumi ya riƙa komawa kansa. Ga kuma babban dalili, laftof tana da batir, talabijin ba ta da shi.

Da farko, wane hoto ne ake kira HD

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne. Tsohon hoton da muka saba yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye. HD yana farawa daga 1280 da 720, wanda ake kira 720p, sai babbansa 1920 da 1080. Tashar ce ke aiko da shi haka tun daga tushe. In ta aiko da ƙaramin hoto, ba na'urar da za ta ƙara masa abin da babu. Dikoda za ta iya miƙe shi ya cika allo, amma dishi-dishinsa na nan. Saboda haka duk abin da ka kama da tsohuwar eriya ta analog, ko BATV ne ko NTA Bauchi, kada ka sa ran zai fito tar don kawai ka bi da shi ta kwamfuta. A jerin tashoshin dish, nemi waɗanda aka rubuta HD a gaban sunansu, sannan ka danna maɓallin INFO na rimot sau biyu. Yawancin risiba, wato dikodar dish, suna nuna ainihin girman hoton a nan.

Duba laftof ɗinka kafin ka kashe ko sisi

Danna dama a kan fuskar kwamfuta ka shiga Display settings, ka ga lambar da ke ƙarƙashin Display resolution. Laftof na hannu da yawa da ake sayarwa a nan 1366 da 768 ne. Irin wannan allon zai nuna 720p lafiya lau, amma ba zai nuna maka cikakken 1080 ba. Hakan bai hana ka naɗa a 1080 ba, don fayil ɗin zai fito da cikakken hotonsa duk ranar da ka kunna shi a babbar talabijin.

Sai ƙarfin injin. Core i5 ko da tsohuwa ce, da RAM 8GB, da Windows 10 ko 11, sun wadatar. Abin da ya sa tsohuwar Intel ke iya wannan aiki shi ne wani ɓangare da ke cikinta mai suna Quick Sync, wanda aikinsa matse bidiyo kawai, kuma tun 2011 ake saka shi. Za mu dawo kansa. Laftof mai Celeron da RAM 4GB kuwa, kallo za ta iya, naɗa kuma sai dai a ƙaramin hoto.

Daga nan ka duba ƙofofin USB. Mai shuɗin harshe, ko wadda aka rubuta SS a gefenta, ita ce USB 3.0, ita za ka ware wa wannan aiki.

Sayen katin ɗaukar hoto

Hanyar da na fi ba da shawara ga mutumin Bauchi ita ce wannan: risibar dish ta tashoshin kyauta, wayar HDMI, da ɗan katin da ke karɓar HDMI ta baya ya miƙa wa laftof ta USB. A shago sunansa HDMI video capture, kuma da wannan sunan za ka tambaya. Girmansa bai wuce babban filash ba. Windows na ɗaukarsa a matsayin kyamara, don haka ba ya neman a ɗora masa komai kafin ya yi aiki.

A kula, akwai wani mai kama da shi da ake kira USB to HDMI. Wannan fitar da hoto yake yi daga laftof zuwa talabijin, kishiyar abin da kake so ke nan, kuma shi yaran shago suka fi miƙowa. In aka miƙo maka, ka ce, "Malam, mai shigar da hoto nake nema, wanda aka rubuta capture a jikinsa." In da hali ka je da laftof ɗinka a gwada a gabanka da dikodar shagon.

Katunan iri biyu ne a kasuwa. Mai araha USB 2.0 ne, iyakarsa hoto 30 a daƙiƙa a kan 1080, ko 60 a kan 720. Da yawansu an shafa wa bakinsu shuɗi, an buga 4K ɓaro-ɓaro a kwali. Ma'anar wannan 4K ɗin shi ne yana karɓa, ba wai yana fitarwa ba. Sautinsa ma sau da yawa ta layi ɗaya yake zuwa. Ɗayan USB 3.0 ne na gaskiya, yana kai hoto 60 a 1080. Don labarai da wa'azi da wasan kwaikwayo, mai arahar ya isa. Don ƙwallo, inda komai gudu ne, mai tsadar ya fi, ko kuma ka sauko da mai arahar zuwa 720. A ganina ƙwallo a 720 mai santsi ta fi daɗin kallo a kan 1080 mai tsalle-tsalle.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu. Dikodojin kamfanonin da ake biya duk wata sukan sa wa hotonsu kulle a kan HDMI, sunansa HDCP. In ka jona ka ga allo baƙi ƙirin, alhali a talabijin yana fitowa, to kullen ne, kuma da gangan suka sa shi. Bayanin nan na tashoshin kyauta ne, irin waɗanda ake kamawa a Nilesat da Arabsat da makamantansu: tashar Alƙur'ani ta Makka, ta Sunna ta Madina, tashoshin labarai na ƙasashen waje, da na wa'azi da nishaɗi na Hausa.

Haɗa wayoyi

Kashe risiba daga soket tukuna, ba da rimot ba. Dalili biyu ne. Wayar dish tana ɗauke da wuta bolt 13 ko 18 zuwa kan LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish, in ka taɓa ta a kunne tana iya haɗewa ta ƙona risiba. Na biyu, gidajenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, shi ya sa wani lokaci in ka shafi jikin dikoda sai ka ji ɗan zirr. Wannan 'yar wutar ta isa ta kashe ƙofar HDMI in aka cusa waya ana kunne.

Sa wayar HDMI daga risiba zuwa kati, sa katin a ƙofar USB kai tsaye ba ta hanyar mahaɗa mai baki da yawa ba, sannan ka kunna risiba. Katin yana da ɗan nauyi, wayar HDMI kuma tana ja. Tokare shi da littafi ko ka yi amfani da gajeriyar wayar ƙari, don kada ya sassauta ƙofar laftof.

Cikin menu na risiba akwai abubuwa huɗu da za ka gyara, kuma ya fi sauƙi ka gyara su a talabijin kafin ka kawo ta kan laftof. Girman hoto ka sa 1080p a 50Hz, ko 720p a 50Hz. Hamsin ɗin ba zaɓin son rai ba ne: tashoshin yankinmu da na Larabawa da na Turai a kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa suke, Amurka ce ke kan 30 da 60. In ka cakuɗa su, rubutun da ke gudu a ƙasan labarai zai riƙa tuntuɓe. Fasalin allo ka sa 16:9. Sautin HDMI ka sa PCM, don katin ba ya fahimtar Dolby, sai dai ka ji shiru ko ƙara mai kashe kunne. Na huɗu, nemi Auto Standby ka kashe shi. Risiba da yawa suna kashe kansu bayan awa uku in ba a taɓa rimot ba.

Saita OBS Studio

OBS Studio manhaja ce ta kyauta, a shafinsu na obsproject.com ake saukewa. Da ita za ka yi kallo, da ita za ka naɗa. In ta buɗe ta tambayi abin da za ka yi da ita, zaɓi na naɗa kawai.

A ƙasa akwai akwatin Sources. Danna alamar tarawa, zaɓi Video Capture Device, ka ba shi suna. A layin Device ka zaɓi USB Video, ko duk sunan da katinka ya zo da shi. In fuskarka ka gani, kyamarar laftof ka zaɓa. In ba abin da ya fito ko kaɗan, je saitin Windows ɓangaren Privacy, shiga Camera, ka buɗe wa manhajojin kwamfuta izini, tunda a wurin Windows katin nan kyamara ne.

A wannan tagar dai, mayar da Resolution/FPS Type zuwa Custom. Sa 1920x1080 da hoto 25, ko 1280x720 da hoto 50. Mai katin USB 3.0 ya sa 1920x1080 da 50. A layin Video Format, mai katin araha lallai ya zaɓi MJPEG. In aka bar shi a YUY2, hanyar USB 2.0 ba ta iya ɗaukar nauyin, sai hoton ya koma kamar biyar a daƙiƙa, mutum ya zaci katin ne ya lalace. Daga nan ka shiga Settings, ɓangaren Video, ka sa girma da gudun da suka dace da abin da ka zaɓa wa katin. Lambobin risiba da na kati da na OBS su tafi tare.

Yanzu sauti, wanda shi ya fi wahalar da mutane. Hoto zai fito, ka ga koren layi yana motsi a Audio Mixer, amma ba ka jin komai. In ma layin ba ya motsi, koma saitin katin, can ƙasa ka sa alama a Use custom audio device, ka zaɓi wanda ke ɗauke da sunan USB Digital Audio ko makamancinsa. Don ka ji da kunnenka, buɗe Advanced Audio Properties, a gaban sunan katin ka mayar da Audio Monitoring zuwa Monitor and Output. Sannan ka rufe bakin Desktop Audio da Mic/Aux. In ka bar na farko, muryar za ta shiga fayil sau biyu tana amsa-kuwwa. In ka bar na biyu, ranar da ka zo sauraren tafsiri za ka ji har da kukan yara da mai tallan awara a ƙofar gida.

In baki yana motsi kafin murya ko bayanta, a cikin Advanced Audio Properties ɗin akwai Sync Offset. Sautin ne yawanci ke riga hoto, don haka ka fara da 100, ka ƙara ko ka rage har leɓen mai karanta labarai ya dace da maganarsa. Don kallo a cikakken allo, danna dama a kan hoton ka zaɓi buɗe shi a matsayin projector a allon laftof. Maɓallin Esc ke dawo da kai.

Wani lokaci za ka ga gefen mutum ya yi zara-zara kamar haƙoran mataji in ya motsa. Tashoshin HD da yawa 1080i suke aikowa, wato rabin layuka yanzu, rabi daga baya. Sa risiba a 1080p yana maganin wannan. In taka ba ta da shi, danna dama a kan katin cikin Sources, shiga Deinterlacing, ka zaɓi Yadif.

Naɗa

Shiga Settings, Output, mayar da Output Mode zuwa Advanced, ka buɗe shafin Recording. Abu uku ne a nan.

Na farko nau'in fayil, kuma ban ga saitin da ya fi shi muhimmanci ga mai zama a garin da ake ɗauke wuta ba. Zaɓi MKV. Tsohon nau'in MP4 sai an gama naɗa yake rubuta jadawalin abin da ke cikinsa a ƙarshen fayil. In laftof ta mutu ana saura minti biyu, awa biyun da ka naɗa duk sun tafi, fayil ɗin na nan da nauyinsa amma ba ya buɗuwa. MKV kuwa duk inda aka tsaya nan ya tsaya, abin da ya shiga ya shiga. In daga baya kana son MP4 don waya ko tsohuwar talabijin, cikin menu na File akwai Remux Recordings, yana juya shi cikin 'yan daƙiƙu ba tare da hoton ya ragu ba.

Na biyu mai matse hoton, wato Encoder. Zaɓi QuickSync H.264 in Intel gare ka, NVENC in kana da katin Nvidia, ko na AMD. Guji x264 a tsohuwar laftof, don shi kan injin yake ɗora aikin gaba ɗaya, fanka ta yi ta ihu, batir ya zube.

Na uku yawan bayanai a daƙiƙa, wato Bitrate. Lissafinsa mai sauƙi ne: kowane 1000 Kbps yana cin 450MB a awa. A 1080, 8000 ya yi kyau, wato 3.6GB a awa. A 720, 5000 ya isa, 2.25GB a awa. Malamin da ke zaune yana karatu ba ya buƙatar da yawa, 3000 ma ya wadatar. Wasan ƙwallo na awa biyu a 8000 zai haura 7GB. Tafsirin awa ɗaya kullum na kwana 30 a 3000 zai kai wajen 40GB. Ka yi wannan lissafin kafin azumi ya kama, ba ranar sha biyar ga wata da rumbu ya cika ba.

In a rumbun waje ko filash za ka zuba, duba tsarinsa. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. Mayar da shi exFAT ko NTFS, amma ka kwashe kayanka tukuna don gogewa yake yi. Filash mai araha kuma ba ya rubutu da sauri. Gara ka naɗa a cikin laftof, daga baya ka kwafe.

Danna Start Recording, bari ya yi minti biyar, tsayar, ka buɗe fayil ɗin da manhajar kunna bidiyo ta VLC. Saurari sauti, kalli leɓe, kalli rubutun ƙasa. In OBS ta nuna gargaɗin Encoding overloaded, sauko zuwa 720, ka rufe burauza da duk abin da ke buɗe.

In ba ka gida lokacin shirin

Cikin menu na Tools akwai Output Timer, inda za ka ce naɗin ya tsaya bayan awa kaza. Hanya mafi sauƙi ke nan: ka kunna kafin ka fita, ya tsaya da kansa. In kuwa kana son ya fara da kansa ma, buɗe Task Scheduler na Windows, zaɓi Create Basic Task, sa rana da lokaci, ka nuna masa fayil ɗin obs64.exe. A gurbin arguments ka rubuta --startrecording, a gurbin Start in kuma ka sa adireshin jakar da fayil ɗin ke ciki, wadda yawanci ita ce C:\Program Files\obs-studio\bin\64bit. In ka bar wannan gurbin fanko OBS ba za ta tashi ba. Ka kuma tabbata ka rufe OBS yadda ya kamata kafin ka fita, don in ta mutu ba shiri a baya, takan tsaya da tambaya a allo tana jiran amsar wanda ba ya nan.

A saitin wuta na Windows, hana laftof barci in tana kan caja, ka kuma gaya mata kada ta yi komai in an rufe murfi. Bar risiba a kan tashar da kake so, ka ɓoye rimot. Katin abin da risiba ke nunawa kawai yake ɗauka. In ƙaramin gida ya juya zuwa katun, katun za ka tarar. Haka in wani ya ƙara murya, alamar ƙarar za ta fito a cikin bidiyon har abada.

A lura da bambancin agogo. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, don haka tarawihin Makka yana farawa kusan lokacin da ake haramar buɗa baki a Bauchi, lokacin da ba mai zama gaban allo. Ingila kuwa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da su, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya.

Maganar wuta

Batirin laftof ba ya amfanar komai in risiba ta mutu. Juya cajar risibarka ka karanta; ƙananan na yanzu yawanci bolt 12 suke ci. Irin ɗan batirin ajiya da ake sa wa rawutar intanet yana riƙe su, muddin bolt ɗin ya dace, ƙarfin amfiya ɗinsa bai gaza abin da aka rubuta a caja ba, bakin wayar kuma ya shiga daidai. Da wannan, in aka ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, ko ƙyaftawa hoton ba zai yi ba. Mai sola da inbata shi ma ya ci riba, don laftof da risiba a haɗe ba su kai cin babbar talabijin ba.

Naɗa yana ɗumama laftof. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ke zama abin da ya zama, kada ka ɗora ta a katifa ko darduma. Sa ta a tebur, ka ɗaga bayanta kaɗan iska ta ratsa. Bayan hunturu kuma a kai ta a busa mata ƙurar da ta cika fanka. Da damina, hadari mai nauyi yana yanke hoton dish na ɗan lokaci, wannan ba laifin saitinka ba ne. Amma in ana tsawa, zare wayar dish da ta HDMI, don yanzu laftof ɗinka ma tana kan layin.

Sauran hanyoyi

Risiba da yawa suna da ƙofar USB da jan maɓalli a rimot. Sa filash ko rumbun waje, danna jan, ita da kanta za ta naɗa ainihin abin da tashar ta aiko, ba ragi. Fayil ɗin yakan fito da .ts a ƙarshen sunansa, VLC kuma yana buɗe shi. In ajiyewa kawai kake so, ba kallo kai tsaye a laftof ba, fara gwada wannan, wataƙila ma ba sai ka sayi kati ba. Wasu risibar sukan yayyanka fayil gida-gida, dikodojin biya kuma sukan kulle shi yadda ba ya buɗuwa sai a cikinsu.

Akwai kuma na'urar da ke maye gurbin risiba gaba ɗaya, wayar dish ta shiga jikinta, ita kuma ta shiga USB. Ta dish sunanta DVB-S2, tana zuwa da cajarta daban saboda wutar LNB, ana sarrafa ta da manhajoji irin su ProgDVB ko DVBViewer. Tana naɗa ainihin hoton, tana da jadawalin shirye-shirye, ba ta wahalar da injin. Ita ce mafi tsabta, sai dai ba ta cika samuwa a shagunanmu ba, sai an yi oda, kuma sai ka shigar mata da lambobin tasha, waɗanda za ka iya kwafa daga risiba ko wurin mai ɗaura maka dish.

'Yar uwarta ta eriya, DVB-T2, ita ce ke yaudarar mutane. Gaskiya ne wannan tsarin Najeriya ta ɗauka, an ƙaddamar da shi a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo a Disambar shekarar, Kano kuma a 2021. Amma tashoshin StarTimes da GOtv da eriya ke kamawa a kulle suke. Na'urar za ta jero maka sunayensu, hoto kuwa babu. In kuma ka ci karo da ta hannu da aka rubuta ATSC a jikinta, ta Amurka ce, ba abin da za ta kama a nan ko kyauta aka ba ka.

Ta intanet ma ana kallo, tashoshi da yawa suna watsa shirinsu kai tsaye a YouTube. Lissafin nan dai shi ne: 1080 yana neman wajen 5000 Kbps, sama da 2GB ke nan a awa. Ga mai sayen data da kuɗinsa, dish ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Bayan an naɗa

Canza wa fayil suna nan take, da kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana, sai sunan shiri. Haka za su jeru da kansu. Don yanke talla ko kai da gindi ba tare da taɓa ingancin hoto ba, akwai LosslessCut da Avidemux, duk kyauta. Don rage nauyi, HandBrake: zaɓi Fast 720p30, mayar da gudun hoto Same as source don kada ya rage maka 50 zuwa 30, ka bar lambar inganci wajen 22. Wa'azi yakan ragu sosai, ƙwallo ba ta cika raguwa haka ba. Aikin yana ɗaukar lokaci a tsohuwar laftof, don haka a jera fayilolin a bar su da dare in akwai wuta. H.265 ya fi matsewa, amma tsofaffin talabijin da ƙananan wayoyi ba sa buɗe shi. In don Hajiya ta kalla a wayarta ne, tsaya a H.264.

Abin da ka naɗa na kallonka ne da iyalinka. Kai shi shagon tura finafinai ana sayarwa, ko ɗora shi a YouTube da Facebook da sunanka, shiga haƙƙin masu shi ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi hukunci a kai. In shirin wata tasha ne da kake son yaɗawa, ko karatun wani malami, nemi izininsu tukuna.